Zanen Gwaggo da Rediyon Baffa

Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, a ɗakinta na can bayan gidanmu a unguwar Nima, a ƙasar Ghana. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, ita dai ta riga mu kama hanya.

Masu sayen koko ne suka fara sani. Sun zo da kwanukansu kamar kullum, suka tarar an shimfiɗa tabarmi a inda tukunya take zama. Wani direban turotoro, motar haya, da yake shan kokonta tun yana yaron mota ya tsaya da kofi a hannu, ba abin da yake cewa sai "Ei, Allah! Ei, Allah!" har aka ja shi gefe. 'Yan matan nan masu dako a kasuwar Agbogbloshie, waɗanda suke ajiye bahonsu a ɗakinta, suka zo a gungu suka zauna a bakin ƙofa suna kuka da yaren garinsu. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mutum ɗaya ce ban ga hawayenta ba, wata tsohuwa ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata. Ta zauna tana taunar goro, idonta a kan ƙofar zaure inda Baffa yake.

Baffa ƙanin Gwaggo ne, yayan babana. Babana ya daɗe da rasuwa, don haka shi ne babba a gidan. Ya sha farar babbar riga da turare yana karɓar gaisuwa. Duk unguwa Sarkin Ruwa ake ce masa, saboda wai a zamanin samartakarsa, da babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi ta yi ambaliya, shi ya shiga ruwa ya ceto yaran da suka maƙale. Washegarin jana'iza ina raba ruwan leda a zaure na ji yana ba wasu baƙi daga unguwar Kanda labarin.

"Wallahi ranar nan na ga mutuwa da idona," in ji shi. "Musamman yaron nan na ƙarshe. Kai! Saura kaɗan ya tafi da ni."

Baƙin suka yi ta kabbara. Ni kuwa ledar da ke hannuna ta fashe, ban ma san na matse ta haka ba.

Ba Baffa ne ya shiga ruwan nan ba. Gwaggo ce. Ba ta bar ɗa ko jika da zai faɗa ba, waɗanda suka gani da ido kuma yawancinsu sun mutu ko sun koma arewa. In na yi shiru, aikin da ya cinye mata aure da mutunci zai zauna da sunan Baffa har abada. Mutane sun ce in yi haƙuri, lokacin makoki ne. Na ji su, amma ni ba mai haƙuri ba ce, kuma Gwaggo ta san haka tun ina ƙarama.

Bari in fara da bakinta, domin a nan abin ya samo asali. Hausar Gwaggo Hausar lungun Nima ce. Uwarsu 'yar arewacin Ghana ce, ba Bahaushiya ba, kuma Gwaggo a bakin murhu da bakin famfo ta koyi magana. A wurinta kowa "shi" ne. Amarya "ya zo", ungozoma "ya tafi", ni kaina da na girma a hannunta "kai" nake har ta koma ga Allah. Da yawa daga tsofaffinmu haka suke magana, ba wanda ya taɓa ruɗewa. Baffa ne kaɗai abin yake damu. Shi tun yana saurayi ba ya rabuwa da rediyo, a can ya tsinci Hausar masu karanta labarai, yana taƙama da ita.

"Yaya, 'ta' ake cewa," zai ce mata a gaban mutane. "Mace ce."

"To, shi ya san shi mace ne, ni ma na sani," in ji Gwaggo. "Miye wahala?"

Shekara da shekaru yana yi mata wannan gyaran. A labari ɗaya ne kawai bai taɓa gyara ta ba.

Gwaggo ba ta sayar wa wanda bai yi gaisuwa ba. Ka zo ka miƙa kwano ka ce a zuba maka, sai ta dubi tukunya cike fal ta ce, "Koko ya ƙare." In ka gane kuskurenka ka gaishe ta, sai koko ya dawo. Da bayan hannu take gwada zafinsa, ba ta yarda da cokali ba. Tana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Ta taɓa bin wani mai gida da ludayi har bakin titi don ya kori 'yar dako daga inuwar shagonsa ana zafin rana. Daga ranar yaran nan suka san ƙofarta, su sha koko, su wanke ƙafa, wadda zazzaɓi ya kama ta kwanta a tabarmarta. In an ce tana tara wa kanta wahala sai ta ce, "Uwan shi na nesa. Ni ina kusa."

Ni aikina zanen allunan talla da katin biki a wani shago a Adabraka. Amma abin da raina yake so shi ne ƙananan wasannin bidiyo da nake haɗawa ni kaɗai a kwamfutata, in sa a intanet kowa ya sauke a wayarsa. Ba irin na harbi ko ƙwallo ba. Nawa gajeru ne, ba a ci, ba a faɗi, ba maki. Labari ne da sai ka sa hannunka kafin ya tafi gaba. Akwai mu da dama a duniya masu wannan haukan, muna aika wa juna abin da muka yi.

A kan wannan muka yi faɗanmu na farko da Gwaggo. Ta ce budurwa ta zauna tana latse-latse kamar mai tsintar shinkafa, ba miji, ba ciniki. Na ce fasaha ce. Ta ce in kawo fasahar ta gani. Na nuna mata wanda nake yi a lokacin, inda mutum yake tafiya cikin lungunan Nima, yana bi ta gefen masu wanki da masu ɗinki har ya fita titi. Ta kalla ta taɓe baki.

"Wannan mutumin bai da tarbiyya kora, ko kaɗan," in ji ta. "Ya wuce mutane kamar akuya. Ina gaisuwa?"

Na ji haushi, na ɗauke wayata na tafi. Bayan kwana biyu na gyara. Na sa lungu ba ya buɗewa sai ka gaida wanda ke zaune a bakinsa, ka kuma tsaya ka ji amsa, ko da tsoho ne mai jan magana. Abin da mutanen waje suka fi yabawa a wasan ke nan. Tun daga nan Gwaggo ta naɗa kanta shugabata. In ta tashi daga ciniki sai ta wanke hannu ta ce, "Kawo gem ɗin ka mu ga ƙaryan yau."

Ita ta yarda in ɗauki muryarta tana ba da labarin ambaliya. Mun sha jinsa muna yara. Ruwa ya sauko da rana tsaka, kwata ta cika ta tumbatsa, ta share gadar katako, yara suka hau rufin wata rumfar kwano ruwa ya zagaye su. Sai "wani mutum ya zo, ya ɗaure igiya a jikin dogonyaro, ya shiga ruwa, ya jawo su ɗaya-ɗaya." Haka take faɗa kullum, wani mutum. Mu kuma mun san Baffa ne, tunda kowa haka yake cewa. Mma tana cikin yaran nan, tana ƙarama sosai, ba ta tuna fuskar kowa. Abin da take tunawa shi ne ta riƙe wani tsumma shuɗi mai ɗigo-ɗigon fari kamar jikin zabuwa, yana warin hayaƙi.

Na tsara wasan yadda ba ka ganin fuskar mai ceto. Kai ne shi. Hannu biyu kawai kake gani, da igiya, da ruwa. Ka dafa yatsa a fuskar waya ka ja, in ka saki ruwa ya mayar da yaron rufi, ka sake daga farko. Gwaggo ta sa na canza ƙarar ruwan sau ba adadi. Ta ce ruwan kwata ba ya waƙa, gurnani yake, kuma yana tafe da bokiti da kaji da ƙyauren ɗaki. Ta ce dole yatsan mai wasa ya yi ciwo. Da muka zo kan yaro na ƙarshe ta ce in ƙara nauyi. Na ƙara. Ta gwada ta ce in ƙara. Na ƙara har sai da na ce mata mutane za su ɗauka wasan ya lalace.

"Bar su," in ji ta. "Haka ya ke."

Abin da ya tona maganar ƙarami ne. A tatsuniya kana iya cewa mutum ya ɗaure igiya ka wuce, ba mai tambayarka. A wasa kuwa dole mai wasa ya ɗauko igiyar daga wani wuri, dole in zana wurin. Na tambaye ta ina mutumin ya samu igiya.

"Ya samu," in ji ta.

"A ina, Gwaggo? A rataye take? A ƙasa?"

Ta ci gaba da kankare ƙasan tukunya. Can ta ce, "Babu igiya. Zane ne. Da mayafi, da ɗankwali, aka ƙulla."

"Zanen wa?"

"Zanen shi."

Na yi dariya na ce, "Gwaggo, namiji da zane?"

Ta ɗago ta dube ni. "Wa ya ce maka namiji ne?"

A ranar ta faɗa mini. Tana amarya a lokacin, ta fito da tukunya ta ga yaran. Maza sun yi cirko-cirko a tudu suna ihu. Ta kwance zanenta, ƙawarta ta miƙo mayafi, suka ƙulla, ta shiga ruwa daga ita sai fatari. Da ta gama ta fito, fatarin ya manne a jikinta, rabin unguwa na kallo. Dangin mijinta suka ce matar da ta tsiraita kanta a gaban maza ba za ta zauna musu a gida ba. Baffa ya kawo shawara a riƙa cewa shi ne ya shiga, don a rufa mata asiri. Ta yarda. Auren duk da haka ya mutu, ba ta kuma sake wani ba. Labarin kuwa ya zauna a hannun Baffa, ya ji daɗinsa ya ƙi mayarwa. Matan da suka sani suka kama bakinsu, don a ganinsu abin kunyar 'yar'uwarsu ne suke ɓoyewa. Ita kuma ta ci gaba da cewa "ya shiga", ba ta yi ƙarya ba ko sau ɗaya, a Hausarta haka ake faɗa.

Na miƙe zan tafi zaure a lokacin. Ta riƙe mini hannu, kuma hannun Gwaggo ba a ƙwacewa.

"Zauna. Ka zana igiya. Ina da rai ba za a nuna ni ba zane a wayan yara ba."

Na zana igiya, ina zanawa ina zagi a zuci.

Wasan ya fita, ya samu karɓuwa fiye da duk abin da na taɓa yi, ko da yake mutane da yawa sun rubuto cewa jan ƙarshe ya yi nauyi, in duba ko kuskure ne. Wasu matasa masu zane-zane suka gayyace ni in nuna shi a wani zaure kusa da teku. Wanda ya fassara musu muryar Gwaggo ɗan Najeriya ne mai cikakkiyar Hausa. Ya ji "ya shiga ruwa", ya rubuta da Turanci cewa namiji ne, ba laifinsa. Baffa da a da yake cewa muryar mace tsohuwa bai kamata ta yi yawo a duniya ba, yana jin labari ya sa riga ya riga ni zuwa. Ya tsaya a gefen talabijin ɗin da ake nuna wasan yana gaisawa da mutane, ana ɗaukarsa hoto. Gwaggo kuwa ya ce ta zauna a gida, wurin ba na tsofaffin mata ba ne. Daga nan ya sa aka saka masa wasan a waya, ya koya har ya ƙware, duk baƙon da ya zo sai ya buga masa.

Da na dawo na ba Gwaggo labari ta yi dariya ta ce, "Saa? Haka ne? Ya sa farin rigan ko?" Sai ta juya tana motsa kokon da ba ya bukatar motsawa, ta daɗe ba ta juyo ba.

Akwai abu biyu da ba zan yafe wa Baffa ba, ko da malaman Nima duka za su taru a kaina. Na farko ɗakin. Gwaggo a ɗakin gaba take tun ina yarinya. Baffa ya ce mai suna irin nasa yana bukatar wurin karɓar baƙi, ya mayar da ita ɗakin baya da yake jingine da kwata. Duk damina ruwa sai ya shigo, tsohuwa ta duƙa tana kwashewa da kwano, Sarkin Ruwa yana gaba a kan kujera ƙafarsa a bushe. Na biyu abincin Sallah. Kowace Sallah Mma takan dafa wa Baffa kaza ta musamman, ta kai masa, ta durƙusa ta ce, "Alhaji, in ba don kai ba da ba ni a duniya." Shi kuma ya ce, "Ba komai, yin Allah ne," ya buɗe kwano. Kuma Gwaggo ce take fige kazar. Bayan na san gaskiya na ga wannan da idona, na shiga bayi na yi kuka don takaici.

Da ciwo ya kwantar da ita a daminar bana, wata safiya ta ce in kawo abin ɗaukar murya. Ta sa na jingina ta da bango. Ta ba da labarin daga farko, amma wannan karon ta ce, "Na kwance zane na. Na shiga ruwa." Ban taɓa jin ta ce "na" a labarin nan ba sai ranar. Ta yi ta faɗa a hankali tana hutawa, har ta zo kan na ƙarshen, ta faɗi abin da ban taɓa sani ba. Na ajiye wayar na fita na tsaya a bakin kwata. Da na dawo ta nuna mini akwatinta. A can ƙasa akwai ragowar zanen, shuɗi mai ɗigon fari, gefensa a yage.

"In na tafi, kunya ya bi ni," in ji ta. "Ka cire igiya, ka saka zanen. Kuma ka gaya wa uwan ka ya huta da kaza."

Ba ta ƙara sati biyu a duniya ba.

Ban yi gaggawa ba. Na zauna makoki kamar kowa, na raba ruwa, na wanke kwanuka, in na samu sarari in buɗe kwamfuta. Na ɗauki hoton zanen na sa a wasan, na sa sabuwar muryar, na zana abin da ya rage. Ban ma san yadda zan kai shi gaban jama'a ba, Baffa ne ya sauƙaƙa mini. Ana gobe addu'ar arba'in ya kira ni ya ce bayan malamai sun tashi yana so a nuna wasan a babban talabijin a ƙarƙashin rumfa, don mutane su ji muryar marigayiya. Ya ce shi da kansa zai buga.

"To, Baffa," na ce. "Kawo wayarka in sabunta maka shi."

Bayan azahar malamai suka shafa fatiha suka tafi, aka ci abinci, rumfa ta rage dangi da maƙwabta da 'yan dakon nan, maza gefe mata gefe. Aka haɗa wayar da talabijin da lasifika. Baffa ya gyara zama ya yi ɗan jawabi a kan yayarsa mai haƙuri, sannan ya danna.

Ƙarar ruwa ta cika rumfar. A da, wasan yana farawa ne da igiya rataye a reshe. Yanzu babu igiya. Idon mai wasa ya sauka ƙasa, ga ƙafafu a cikin ruwa, ga zane shuɗi mai ɗigon fari ɗaure a ƙugu, ga hannu biyu a kan ƙullin suna jira. Baffa ya ja yatsa hagu, ya ja dama, ba abin da ya motsa. Na tsara shi ne yadda ba inda za ka sai ka kwance zanen da hannunka. Yaran da ke rufi suna ta kuka a lasifika.

"Wannan abin ya lalace," in ji Baffa.

"Bai lalace ba, Baffa," na ce daga cikin mata, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Danna ƙullin."

Ya dube ni. Ina jin a lokacin ya gane. Amma mutane sun zuba masa ido, wani daga baya yana cewa, "Alhaji, danna mana, chale, mutumina, yara na kuka." Ya danna. Zanen ya kwance, muryar Gwaggo ta fito, a gajiye amma tar: "Na kwance zane na. Na shiga ruwa."

Baffa ya ajiye wayar a kan tebur kamar ta ƙona shi. Sai ƙawar Gwaggo ta tofar da goro ta miƙe da sandarta.

"Mayafin da aka ƙulla a ciki nawa ne," in ji ta. "Ja ne. Yarinya, ka manta ka zana shi ja."

Mma ce ta tashi bayanta. Idonta a kan zanen, tana tafiya kamar mai barci, ta ratsa gefen maza ta ɗauki wayar. Mma ba ta taɓa buga wasa ba a rayuwarta. Na je na nuna mata inda za ta dafa. Ta jawo yaro na farko, ta jawo na biyu. Da aka zo kan wata ƙaramar yarinya, muryar Gwaggo ta ce, "Wannan ya ƙi sakin zanen har tudu. Daga baya na aura wa ƙanina ƙarami shi." Mma ta saki kuka amma ba ta saki wayar ba.

Sai na ƙarshe. Mma ta ja, ya ƙi zuwa. Ta sa yatsa biyu, ta cije leɓe, mata suna cewa, "Ja! Ja!" A tsohon wasan, in ka jawo shi allon yakan yi fari ya ƙare, ba ka ganin ko wane ne. Wannan karon ya fito daga ruwa a hankali. Rediyo ce ta fara fitowa, a ɗage sama da hannu ɗaya don kada ta jiƙe. Sannan kai, sannan gashin baki, ƙaton saurayi rungume da ƙarshen zanen yana kuka baki buɗe.

"Na ƙarshe ba yaro ba ne," in ji Gwaggo a lasifika. "Ƙanina ne. Shi ya fara hawa rufin, ya ture yara. Na ce saki rediyo ka kama da hannu biyu, ya ƙi. Shi ya kusa kashe ni."

Sai ɗaya daga baƙin Kanda, waɗanda suka dawo don addu'ar, ya ce a hankali, "Alhaji, ashe yaron ƙarshen ke nan." Wata 'yar dako ta kasa riƙewa ta fashe da dariya, ta toshe baki da gyale, dariyar ta kama na kusa da ita, ta bi layi har gefen maza. Baffa ya tashi, rigarsa ta maƙale a kujera, ya fizge ya shige gida. Na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma ban nemi gafarar wannan jin daɗin ba tukuna.

An yi ta zuwa mini da faɗa. Wasu sun ce na tozarta dattijo a ranar addu'a, wasu sun ce na tona asirin matacciya. Na ce musu matacciyar ce ta aiko ni. Kafin sati ya zagayo wasan yana wayar kowane matashi daga Nima har Maamobi, kuma ba a ƙara jin Sarkin Ruwa a bakin kowa ba. Alhaji Rediyo ake ce masa, har masu ce masa ba da mugunta ba.

Ya aiko a kira ni sau ɗaya. Na same shi a ɗakin gaba shi kaɗai, ya rame. Bai ce in zauna ba, ni ma ban nema ba.

"Ki cire ni daga abin nan," in ji shi. "Ki bar zanen in kina so. Ni dai ki cire ni."

"In na cire ka jan ƙarshe zai yi sauƙi, Baffa. Gwaggo ta ce kada a rage nauyin."

"Yaro ne ni a lokacin."

"Kana da gashin baki," na ce. "Kuma da ka mayar da ita bakin kwata kana da furfura."

Ya buɗe baki, ina jin gyara yake nema a maganata, bai samu ba.

Da Sallah ta zo Mma ta dafa kazarta kamar kullum, ita ta fige da kanta. Ta ɗauko kwanon ta bi ta ƙofar Baffa, yana zaune yana kallonta, ta gaishe shi a tsaye ta wuce. Ta kai ɗakin baya inda 'yan dakon suke ajiye bahonsu har yanzu, ta ajiye musu, ta zauna a tabarmar Gwaggo har suka cinye.

Gwaggo, na gyara mayafin, yanzu ja ne. Allah ya jiƙanki, ya yalwata miki kabari, ya ba ki ɗakin da ruwa ba ya shiga. Duk yatsan da ya yi ciwo yana jan zanen nan, Allah ya kai ladan gare ki. Baffa kuwa ba na yi masa muguwar addu'a. Kullum bayan sallah ina roƙa masa tsawon rai da lafiyar kunne, domin yaran lungunmu a ƙofar ɗakinsa suke zama su buga wasan, kuma ba sa rage murya.